Hutu A Badagry: Abin Da Bazamfare Ya Gani A Bakin Teku

A ƙasar Hausa ba a cika ɗaura kaya haka kawai ba. Duk wanda aka ga ya kama hanya, an san ɗaya daga cikin 'yan dalilai ne ya tashe shi: fatauci, ko neman ilimi, ko cin rani, ko sada zumunci, ko biki, ko ta'aziyya, ko jinya, ko kuwa sauke farali. Tafiyar da ba ta faɗa cikin waɗannan ba sunanta yawo, kuma kalmar yawo ba ta da farin jini a bakin dattawa. Shi ya sa har yau idan ma'aikaci ya karɓi hutun shekara, yakan ƙarar da shi a gona, ko a wurin ginin da bai kammala ba, ko a zaure yana sauraron masu kawo koke. Hutu a wurinmu sauyin aiki ne kawai.

Ni malamin jami'a ne a Gusau. A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata na ɗauki iyalina muka yi kwana biyar a Badagry, wani ƙaramin gari na bakin teku a Jihar Legas, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Da na je sallamar mahaifiyata sai ta tambaye ni, "Wa muke da shi can?" Na ce, "Inna, babu kowa." Ta ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya," cikin muryar wanda bai gamsu ba. Wani abokin aikina kuwa cewa ya yi, "Dakta, a wannan marra?" Tambayoyin nan biyu suna da nauyi, kuma su nake son amsawa, domin na dawo da yaƙinin cewa muna da dangi a tarihin Badagry, kuma halin da Zamfara take ciki ne ya sa maganar hutu ta zama dole.

Tsakanin Gusau da Badagry akwai tazarar kusan kilomita 1,000, amma ɓangaren tafiyar da ya fi tayar da hankali shi ne na ƙofar gida. Mun jira rana ta ɗaga, motoci sun yawaita a kan titi, sannan muka fita. Muka wuce gindin Dutsen Kwatarkwashi, muka ratsa Tsafe, muka nufi Yankara da Funtuwa. Duk wanda ke bin wannan hanya ya san irin shirun da ke sauka a cikin mota, kowa ya zuba ido kan daji, leɓe yana motsi da addu'a. Sai da muka shiga Funtuwa hira ta dawo. Daga Kaduna muka hau jirgin sama zuwa Ikeja, daga nan mota ta bi da mu babban titin da ya nufi kan iyakar Seme, mai yawan cunkoso da shingayen jami'an tsaro da na kwastan.

Badagry ba ta kallon teku kai tsaye. Garin yana zaune ne a gefen wani dogon tafki mai kwanciyar ruwa, wanda ya miƙa daga Legas har zuwa Porto-Novo a ƙasar Benin. Tsakanin tafkin da Tekun Atlantika akwai wani siririn tsibiri na rairayi da itatuwan kwakwa mai suna Gberefu. Wannan tsari shi ya mayar da garin tashar jiragen ruwa tun ƙarni na 18: manyan jirage suna tsayawa can cikin teku, kwale-kwale kuma suna ɗaukar kaya da mutane ta cikin tafkin. Mutanen garin na asali su ne Egun, sarkinsu ana kiran sa Akran, suna zaune tare da Yarbawa da baƙi daga ko'ina. Sana'arsu su da noman kwakwa da cinikin kan iyaka.

Rayuwar ƙaramin garin bakin ruwa tana da nata lokaci. Da asuba masunta suna dawowa, mata masu sayen kifi suna jiran su a gaɓa da kwanduna. Da hantsi ana gyaran taru a inuwa, ƙamshin kifin da ake bandawa ya cika unguwa. Da la'asar iska mai ɗanɗanon gishiri takan taso, jama'a su fito titin bakin ruwa da ake kira Marina. Ba mu sha wahalar samun masallaci ba, ba mu kuma rasa wanda za mu yi Hausa da shi ba. Mai shayin da ke kusa da masaukinmu mutumin ƙasar Sakkwato ne, da ya ji daga inda muka fito sai ya ce, "Alhaji, yaya mutanen gida? Ya muka ji da haƙuri?" Har bakin teku labarinmu ya riga mu isa.

Ga yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne Gulbin Sakkwato a lokacin damina, ganin teku abu ne da malami ba ya iya koyarwa a kan allo. 'Yata ta ɗanɗana ruwan ta tofar, ta ce wa ya zuba masa gishiri. Autanmu ya ƙi sakin hannun mahaifiyarsa saboda rugugin igiyar ruwa. Babban ɗana mai shekara 14 ya tsaya yana neman ɗaya gaɓar da ido bai same ta ba. Na faɗa masa cewa ruwan da ke wucewa ta Gusau da Bungudu yana haɗuwa da Gulbin Rima a kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kogin Kwara, ya zo ya ƙare a wannan teku. Darasin labarin ƙasa da ya haddace don jarrabawa, ranar ya gan shi da idonsa.

Sai dai Badagry ba ta barin baƙo ya tsaya a kan rairayi da ruwan kwakwa. Abin da garin ya fi shahara da shi shi ne cinikin bayi. Turawan Fotugal da Holan da Faransa da Ingila sun yi ta sayen mutane a nan, kuma ko bayan da Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin a 1807, an ci gaba da shi a ɓoye da sarari har zuwa lokacin da Birazil ta rufe ƙofarta a 1850. A 1863 garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila. Ofishin da Turawa suka gina a shekarar, yau shi ne gidan tarihin garin. Akwai wurin tsohuwar kasuwar bayi ta Vlekete. Akwai ɗakin ajiyar sarƙoƙi da maruruwa na zuriyar Mobee. Akwai gidan bene da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bene na farko a Nijeriya, duk da cewa Bahaushen da ya san sorayen Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina yana da abin cewa. Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass, mutumin da aka sayar bawa yana yaro, ya dawo ya zama dillalin bayi da babban basarake, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki da ke gaban sunansa sarkinmu ce ta Hausa da ta bi fatake ta sauka kudu.

A wannan gida ne mai yi mana jagora ya shigar da mu wani ƙuntataccen ɗaki mai 'yar ƙaramar taga a sama, ya ce a irinsa ake cusa mutane da dama su yi makonni suna jiran jirgi. Ya nuna mana wata tsohuwar laima, ya ce a bisa abin da suka gada daga kakanni, mutum 40 aka bayar aka karɓe ta. Daga nan muka hau kwale-kwale muka tsallaka zuwa Gberefu, muka bi turbar rairayi da ƙafa, muka wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har muka isa gaɓar da suke kira wurin da ba a komowa. A kan wannan turba babban ɗana ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, to mene ne bambancinsu da masu kama mutane a wajenmu?"

Yaron da ya tashi a Zamfara ba ya buƙatar a fassara masa yadda ake sa wa ɗan Adam farashi. Ya ji labarin 'yan matan Jangebe da aka kwashe daga makaranta a watan Fabrairun 2021. Ya ji na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke daga Sabon Gida a watan Satumbar 2023. Ya ji ana tara kuɗin fansa a masallacin unguwa, ya ji ana haɗawa da babura da katin waya. Na amsa masa da cewa akwai bambanci a girma da tsari, domin wancan ciniki ne da sarakuna da ƙasashe suka ɗaure wa gindi ƙarni bayan ƙarni, wanda aka tsallakar kuma ba ya dawowa. Amma tushen ɗaya ne, wato ranar da mutum ya kalli ɗan'uwansa ya ga kuɗi. Hirar da muka yi a wannan turba ba mu taɓa samun sukunin yin irinta a gida ba, inda tsoro yake hana a tsaya a kalli abin da ake tsoro.

Yanzu ga amsar tambayar Inna. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun jefa mutane masu yawa hannun fatake, aka gangara da su ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa zuwa Legas da Badagry da Porto-Novo da Wida. Da yawansu sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil. A can Hausawa ne kan gaba a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da boren 1809 da na 1814, kuma suna cikin bayi Musulmi da suka yi babban bore a birnin Salvador cikin watan azumi a Janairun 1835, inda aka samu takardu da layu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya tattauna da bayi Hausawa ya wallafa bayanansu a 1851, suna ba shi labarin Kano da Katsina da Zazzau. Zamfara kuwa fagen fama ce a waɗannan shekaru, tun daga zaman jama'ar Shehu a Sabon Gari a 1805 har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Da wuya a ce babu 'ya'yanta a cikin waɗanda suka taka irin wannan rairayi.

Hanyar ba gangara kawai take yi ba, tana hawa. Daga Badagry ne Kyaftin Hugh Clapperton ya tashi a watan Disambar 1825 ya nufi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya kwaso takardunsa ya dawo ta Badagry. Da ya sake zuwa tare da ƙanensa John a 1830, sun tarar da malamai Hausawa a garin, sun kuma kalli yadda Musulmi suka yi ƙaramar salla a watan Maris na shekarar. Ashe shekara kusan 200 ke nan ana jin Hausa a bakin wannan tafki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda garin yake cin abinci da tarihinsa, har da ɓangaren da ba abin alfahari ba ne. Zuriyar waɗanda suka sayar da mutane su ne suke buɗe ƙofa suna nuna sarƙoƙin. Ba za a ce an kyautata komai ba, wasu gine-ginen suna neman gyara, rairayin yana fama da leda, wasu labaran masu jagora kuma suna buƙatar tacewar masana. Duk da haka baƙo guda yana ciyar da mai kwale-kwale, da mai jagora, da mai babur, da mai kwakwa, da mai kifi, da mai masauki. Motocin makarantu suna sauke yara. Jikokin bayi daga Amurka da Birazil suna zuwa neman tushe, musamman a watan Agusta, wanda ranar 23 gare shi ce hukumar UNESCO ta ware don tunawa da cinikin bayi da kawar da shi. Jarin garin bai wuce abu uku ba: wurin da aka adana, mutumin da ya iya ba da labari, da hanyar da baƙo zai bi ya koma lafiya.

Zamfara ba ta da teku, amma ta san abin da ake nufi da tasha. Zango shi ne tashar jiragen tudu, inda ayari ke sauke kaya, baƙo ya sami fatoma da abinci da labari. Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, ta bunƙasa ne da baƙi, musamman bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Audugarmu da gyaɗarmu ta wannan layi suka riƙa gangarawa tashar jiragen ruwa ta Legas. Sabon Garin Gusau shaida ne cewa an yi zamanin da mutumin kudu ke ɗaura kaya ya nufo mu da kyakkyawan zato.

Abin nunawa ma ba mu rasa ba. Dutsen Kwatarkwashi da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu yana tsaye a bakin babban titi, da tsohon gari a gindinsa da tarihin da ya girmi jihadi. A ƙasar Tsafe akwai 'Yandoto, cibiyar malamai da almajirai da ta yi suna tun kafin ƙarni na 19, wadda har yau sarautar Tsafe take ɗauke da sunanta. Akwai lambunan bakin gulbi a Bungudu. Akwai madatsar Bakolori da aka kammala a 1978. Akwai dajin Kuyambana, wanda aka keɓe don namun daji, yau kuwa ambatonsa ma faɗuwar gaba ne. Mu da muka haura shekara 40 mun hau duwatsun nan da ƙuruciya, mun je kallon kokawa da dambe a ƙauyuka bayan kaka, mun kwana gidan dangi ba tare da an kira waya ana tambayar ko mun sauka lafiya ba. 'Ya'yana sun taɓa ruwan Atlantika, amma Dutsen Kwatarkwashi, wanda bai kai tafiyar rabin sa'a daga gidanmu ba, ta gilashin mota kawai suka san shi. Wannan asara ce da ba ta shiga lissafin da ake yi na rayuka da shanu da gonaki, alhali tana cin tarbiyyar zuriya guda. Yaron da bai taka ƙasarsa ba, da me zai ƙaunace ta?

Na san abin da mai karatu zai ce, shi ne abin da abokin aikina ya ce. Mutumin da aka kora daga ƙauyensu yana kwana a kangon gini a Gusau, manomi yana biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, wa ke ta hutu? Gaskiya ne, kuma mafi yawan jama'armu ba su da halin zuwa Funtuwa don shaƙatawa, balle Legas. Amma ina ganin hutu ma'auni ne. Jami'ai suna iya fitar da sanarwa cewa tsaro ya inganta, kasuwa tana iya ci don dole, matafiyi yana iya bin hanya don ba shi da zaɓi. Tafiyar da babu tilas a cikinta ita ce ba a yi sai zuciya ta kwanta. Ranar da shugaban makarantar firamare a Tudun Wada zai cika mota da yara ya kai su Kwatarkwashi, iyaye su sa hannu ba tare da fargaba ba, ranar ce za mu san zaman lafiya ya dawo. Muna kuma da misali a maƙwabta: bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya tsaya kimanin shekara 10 saboda matsalar tsaro, aka dawo da shi a 2020 domin masu shi ba su bar shi ya mutu a zukatansu ba.

Saboda haka akwai aikin da ba sai an jira ƙarshen rikici ba. Na farko yana wuyanmu mu malaman manyan makarantu: dattawan da suka san tarihin Kwatarkwashi da 'Yandoto da tashoshin jirgin ƙasa suna ƙarewa, da yawansu ma gudun hijira ya kawo su cikin Gusau, kusa da mu. Ɗalibanmu na tarihi da Hausa da labarin ƙasa su ɗauki muryoyinsu, a rubuta, a adana. Na biyu yana wuyan masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi: a hana rushe tsofaffin gine-gine da ganuwa, a hana fasa duwatsu masu tarihi don tsakuwa, a ware ɗaki ko guda a fada don kayan tarihi. Na uku yana wuyan gwamnati: titin Gusau zuwa Funtuwa shi ne ƙofar jihar, duk wani shirin jawo baƙi ko masu zuba jari da bai fara da tsaron wannan titi ba, zance ne kawai. Na huɗu, mu fara tunanin yadda za mu adana tarihin wannan musiba da muke ciki, da sunayen ƙauyukan da aka tasa da na mutanen da aka rasa. Badagry ta nuna cewa al'umma tana iya duban mummunan tarihinta ido da ido ta mayar da shi darasi.

Ga wanda Allah Ya hore wa kuma yake sha'awar zuwa, ga 'yan shawarwari. A je da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin ruwan sama yana da yawa a can a watannin Yuni da Yuli. A riƙe katin shaida saboda shingayen hanyar kan iyaka. A daidaita farashi da mai kwale-kwale da mai jagora kafin a tashi, kada kuma a shiga ruwa ba tare da rigar kariya ba. Igiyar tekun wannan yanki tana da ƙarfin ja, iya iyo a gulbi ba ya amfani a nan, don haka a tsaya a gaɓa a riƙe hannun yara. A fara da gidajen tarihi da safe, a bar bakin teku sai la'asar. Kuɗin tafiyar kuwa, adashin shekara guda ne ya biya mana, irin wanda muke yi don ragon layya ko kayan salla.

Wanda bai sami halin wannan ba, ya ware yini guda ya zaga da 'ya'yansa cikin Gusau. Ya kai su Kanwuri, ya nuna musu tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya tsaya da su a bakin gulbi ya faɗa musu inda ruwan ya fito da inda ya nufa. Idan kaka tana raye, a zaunar da su gabanta ta ba su labarin garin da aka baro. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya nuna mana lokacin da baƙo zai zo mana don kallo kawai ya koma gida lafiya.